Takardar Bango Ta Yayin Masana'anta: Kada Mu Yi Kitso Da Ƙwarƙwata



Da aka ce mana mu 'yan kwamitin sulhu mu zo mu yi magana a wannan zama, wasu sun ɗauka batun fili za mu ɗauko, ko na kuɗin ƙungiya da ba a biya ba. Da suka ji cewa maganar takardar bango ce, wadda yaranmu ke kira wolfefa, sai wani dattijo ya ce da mu, "Yanzu duk matsalolin duniya sun ƙare ke nan sai na kwalliyar ɗaki?" Mun ce masa, Baba, a yi mana haƙuri a saurara. Ba mu ɗauko maganar nan don nishaɗi ba. Ƙararraki ne suka yi ta zuwa gabanmu, tsakanin mai gida da ɗan haya, tsakanin dangin ango da dangin amarya, tsakanin mai aiki da wanda ya sa shi, kuma idan aka bi diddigi sai a tarar duk a jikin bango ɗaya rigimar ta tsiro.

Bari mu fara da abin da ake yayi, domin wasu daga cikin iyayenmu ba su taɓa ganinsa ba. Takarda ce ake kawowa a naɗe kamar tabarma, akasari daga ƙasar Sin ko Koriya ko Turkiyya, 'yan kasuwarmu kuma su saro ta daga Kano. Ana shafa mata gam a manna a bango. A da furanni ake bugawa a jikinta. To yanzu wadda matasa suka fi so ita ce mai hoton jan bulo tsirara, ko mai hoton kankare da ba a shafe ba, ko ta ƙarfe mai tsatsa har da kawunan ƙusoshi, ko ta tsohon katako da ya sha rana. Wannan shi ake kira salon masana'anta. Wato mutum ya gina ɗaki, ya biya magini ya yi masa shafe, ya biya mai fenti, sannan ya sake fitar da kuɗi ya sayo takardar da za ta nuna kamar ba a yi shafen ba, ba a yi fentin ba. Kun ji dai.

Asalin abin ba daga masu kuɗi ya fito ba. A birnin New York na Amurka akwai wata unguwa da ake kira SoHo, cike da tsofaffin gine-ginen masaƙu da ɗakunan ajiyar kaya. Da masana'antun suka tashi, a shekarun 1960 sai masu zane-zane marasa hali suka riƙa kama waɗannan wurare haya da arha, suna aiki a ciki suna kwana a ciki, alhali doka ma ba ta yarda a zauna a nan ba, sai a 1971 hukumar birnin ta sassauta musu. Ba su da kuɗin shafe ko silin, don haka suka bar bulo da bututun ruwa da ginshiƙan ƙarfe a fili. Daga baya masu hali suka ga abin ya burge su, suka saye gine-ginen, talakawan da suka fara zama suka koma wani wuri. Waɗanda ba su sami tsohuwar masana'antar da za su zauna a ciki ba kuwa, sai kamfanoni suka buga musu hotonta a takarda. Ita ce ta biyo jirgin ruwa ta sauka Legas, ta hau mota zuwa Kano, ta iso ɗakin 'yarmu a Hausari.

Abin dariyar shi ne, mu nan ba baƙin wannan kama ba ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, kakanninmu suka biyo shi saboda gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu da kifi, a cikin ƙarfe da kwano da rumbunan tasha suka yi rayuwarsu. Duk wanda ya taɓa dako a tasha ya san launin tsatsa ba sai an buga masa a takarda ba. Jan bulo ma haka. Wannan kogin da ya ratsa Gashuwa, idan ka bi shi gabas ka wuce Geidam, za ka iske kufan Birnin Gazargamu, hedkwatar daular Borno har zuwa 1808, da na Gambaru kusa da shi, inda aka yi gini da gasasshen bulo ɗaruruwan shekaru kafin a san da SoHo. Masu masaukinmu sun riga 'yan SoHo wannan ado.

Ba muna cewa haramun ne ko abin kunya ne mutum ya ƙawata ɗakinsa ba. Bahaushe bai taɓa zama a ɗaki ba ado ba. Iyayenmu mata da ke nan sun san jere, sun san yadda ake jera tasoshi da langa da kwanukan samira tun daga ƙasa har kusa da rufi, kafin kabad mai gilashi ya shigo. Maginanmu na gargajiya suna zana dagi a jikin shafe tun yana ɗanye, kuma wanda ya shiga Gidan Makama a Kano ko ya ga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, ya san hannun Bahaushe a bango. Mu kanmu da muke samari, wa bai manna shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo da kalanda da hotunan 'yan wasan Indiya a shagonsa da ƙullun koko ba? Ita ma takardar bango ce, ta talaka. Saboda haka yaran nan ba wani sabon hali suka ƙirƙiro ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙasar da muke zaune a kanta. An yi wannan takarda ne don bango busasshe, mu kuwa a bakin fadama muke. Nguru tana kan tafki, Gashuwa tana kan kogi. Tun bayan da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyi da yawa, ruwa ya riƙa kwanciya inda a da yake wucewa. A unguwanni da dama ba ka yin nisa da haƙa za ka tarar da laima. Bulon siminti kuwa yana shan ruwa daga ƙasa kamar yadda lagwani ke shan kananzir. Idan magini bai shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kan harsashi ba kafin ya ɗora bulo, to ruwan zai yi ta hawa a hankali, sau da yawa har ya kai wajen ƙugun mutum. Yana tafe da gishirin ƙasa a cikinsa, kuma kowa ya san ƙasar Manga ƙasar kanwa da manda ce. Idan ruwan ya bushe sai ya bar wannan farin garin da kuke gani a gindin bango, fenti ya yi ƙuraje, shafe ya riƙa zuba idan an taɓa.

Bangon da aka bari da farar ƙasa ko fentin ruwa yana numfashi. Laimar ta shiga da damina, ta fita da rani, mai gida kuma yana ganin alama da idonsa. Amma yawancin takardun nan na yanzu fuskarsu roba ce, shi ya sa ake iya goge su da tsumma. Robar nan ba ta barin laima ta fita. Sai ruwan ya taru a baya, tsakanin bango da takarda, inda gam yake. Gam ɗin kuwa dangin sitaci ne, bayan takardar kuma takarda ce, ga duhu ga ɗumi. Ba abin da fumfuna ke nema da ya wuce haka, haka ma kyankyaso, haka ma gara. Ita gara da ma abincinta ke nan. A bango tsirara, da ta fara jan hanyarta ta ƙasa za a gani a kankare. A bayan takarda kuwa sai ta hau abinta ba mai ganinta har ta kai ga katakon silin. Idan bakin takardar ya ɗan ɗaga, kuɗin cizo ma ya sami gida, kuma feshi ba ya isa wurinsa.

Bari mu ba ku labari ɗaya daga cikin waɗanda suka zo gabanmu, ba tare da kama suna ba, don masu abin suna cikinmu kuma sun yarda a faɗa. An ɗaura auren wata 'yarmu da bazara. Ango ya kama ɗaki ciki da falo a gidan haya. 'Yan jere suka je suka ga gindin bangon ya yi dabbare-dabbare, suka ce ba za su kai 'yarsu wannan ɗaki ba. Lokaci ya ƙure, saura kwana kaɗan. Wani yaro mai wannan sana'a ya ce ai abu ne mai sauƙi, a yini ɗaya zai rufe shi. Uwar amarya ta karɓo bashi a wajen adashi, aka sayo mai hoton jan bulo, aka manna ɗaki da falo. Ranar kai amarya kowa na ɗaukar hoto, har daga wasu unguwanni ake zuwa kallo. Ruwa ya sauka, aka shiga watan Agusta. Sai amarya ta fara tari da dare, tufafin cikin akwati suka soma wari, takardar ta kumbura daga ƙasa. Da aka ɗaga ta, bayan baƙi ƙirin, gara kuma ta ci bayan kabad ɗin da aka jingina. Dangin amarya suka ce ango ya cuce su da ruɓaɓɓen ɗaki. Dangin ango suka ce su suka kawo takardarsu. Mai gida ya ce da aka ɓare ta ta taho masa da shafe, sai an biya shi. Mai aikin ya ce shi mannawa aka ce ya yi, ba a tambaye shi lafiyar bango ba. Zama uku muka yi kafin a daidaita, yarinyar tana gidan iyayenta duk tsawon lokacin, bashin adashin kuma yana nan ana biya. Wannan shi ne kitso da ƙwarƙwata.

Turawa ma sun sha wuyarsa. A ƙarni na 19 an yi yayin wata koriyar takarda a Ingila, wadda launinta ke ɗauke da guba mai suna asenik, mutane suka riƙa ciwo a ɗakunansu ba su san dalili ba. A farkon shekarun 1890 wani likitan Italiya mai suna Gosio ya nuna cewa fumfuna na iya tayar da wannan guba ta bi iska. Takardun yau ba a sa musu wannan launi, kada wani ya fita ya ce mun ce akwai guba a ɗakinsa. Amma fumfunar ita kanta tana tayar da asma da tari da mura, musamman ga jarirai da tsofaffi, kuma mu da ke rufe tagogi saboda ƙura da sauro, iskar ɗakin muke shaƙa dare da rana.

Akwai kuma wata iri da ta fi ba mu tsoro. Ita ba a naɗe take zuwa ba, falle-falle ce mai taushi kamar soso, da tudun bulo a jikinta, gam ɗinta a manne, ɓare bayan kawai za ka yi ka liƙa. Yara na sonta domin ba ta bukatar ma'aikaci. Wannan soso yana kama wuta, yana narkewa yana ɗiga, hayaƙinsa kuma yana shaƙe mutum kafin harshen wutar ya iso shi. Ku tuna yadda muke zama. Wane ɗakin mace ne a Nguru ko Gashuwa ba a kunna turaren wuta a kasko? Wannan al'ada mun same ta wajen maƙwabtanmu Barebari mun riƙe hannu biyu. Ga maganin sauro na kunnawa a gindin bango, ga gawayin jin ɗumi da hunturu, ga kyandir idan an ɗauke wuta, ga ƙaramin gas da wasu ke girki da shi a cikin ɗaki. Muna roƙon iyayenmu mata, ko da an riga an manna, a nisanta wuta daga bangon nan, kuma kada a rufe soket da ita. Zafin watan Afrilu da Mayu ma, da kan haura digiri 40, yana sassauta gam ɗinta ta riƙa zamewa, idan kuma aka zo cirewa ta bar danƙo da ba ya fita sai da kankara.

Launin ma abin dubawa ne. Waɗancan gine-gine na New York tagoginsu manya ne, rufinsu can sama, shi ya sa baƙi da toka-toka ba su dame su ba. Ɗakinmu ƙafa 12 ne da taga ɗaya. Ka zagaye shi da hoton kankare da tsatsa, da azahar ma sai ka kunna fitila, sauro kuwa da ma wuri mai duhu yake nema ya laɓe.

To me muke ba da shawara? Kafin a sayi komai, a gwada bangon. Ka yanki leda fara kamar faɗin faranti, ka manna ta a gindin bango da salatif ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta kwana biyu. Idan ka ɗaga ka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, bangon nan na shan ruwa, kada ka sa masa takarda ko da kyauta aka ba ka. Amma a lura, gwajin da aka yi a watan Maris ba ya faɗin gaskiya, domin a lokacin komai a bushe yake. A yi shi a Agusta ko Satumba. In ba za a iya jira ba, a tambayi maƙwabta ko wanda ya tashi daga ɗakin, a kuma duba bayan bangon ta waje. Gidan da ruwa ya shiga a ambaliyar 2022, wadda 'yan uwanmu na Gashuwa ba za su manta da ita ba, ya kamata a yi masa kallon mara lafiya har sai an tabbatar. Sabon shafen siminti kuma a ba shi aƙalla mako 4 ya sha iska.

Idan bangon ya nuna laima, kuɗin takardar a kai su wajen gyara. A kankare ruɓaɓɓen shafen, a duba ko lambatu ne ke kwanciya a bayan ɗaki, ko indararo ne ke zuba a gindin gini, ko randa da wurin alwala ne suka jingina da shi. Sau da yawa ɗan daɓen siminti a zagaye gini da gyaran hanyar ruwa sun isa su rage abin. Kakanninmu sun san wannan. Suna shafe katanga da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, masu hali kuma su yi laso da katsin marina da gashin majema da dafara, kuma duk shekara bayan damina sai an bi gini an duba. Ba su taɓa ɓoye bango daga idonsu ba.

A nan ne za mu faɗi wata magana da ta shafe mu mu kaɗai, a yi mana afuwa. Iyayenmu da suka zo garuruwan nan, da yawansu da niyyar komawa suka zo. Kuɗin da aka samu Kano ake aikawa, ko Katsina, ko Haɗeja, ko Damagaram, a gina na kirki a can, nan kuwa a yi maneji tunda zaman baƙunta ne. Yau ga mu jikoki da tattaɓa-kunne, a nan aka haife mu, a nan maƙabartarmu take, mun yi auratayya da Mangawa da Badawa, muna zaune lafiya ƙarƙashin sarakunan Nguru da Bade. Amma har yanzu wasunmu gini irin na mai shirin tashi gobe suke yi, a ƙi sayen ledar harsashi saboda tsada, sannan a zo a kashe ninkinta wajen rufe ɓarnar. Masu gidajen haya a cikinmu, ku ne kan gaba a wannan laifi, kuma wasunku suna zaune a layin gaba suna kallonmu.

Wanda bangonsa ya fita lafiya, yana kuma son abin, bismillah. Sai dai ya san lissafi kada a cuce shi. Naɗi ɗaya na ƙaramar yawanci faɗinsa santimita 53 ne, tsawonsa mita 10. Bango mai tsayin mita 3 zai ba ka falle 3 ke nan a kowane naɗi. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe zai ci naɗi 9 zuwa 10 idan za a zagaye shi, mai hoton bulo kuma ta kan fi haka ci, domin dole a daidaita layin bulon wannan falle da na wancan, ragowar ta tafi a banza. Amma bango guda ɗaya naɗi 3 ya ishe shi. Mu a ganinmu ɗayan ma ya fi kyau. A zaɓi bangon da ke tsakanin ɗaki da ɗaki, wanda ruwan sama ba ya dukansa ta baya kuma ba ya haɗe da banɗaki, a bar sauran ukun da farin fenti don haske. A sayi duka a lokaci ɗaya, a duba lambar bugun da ke jikin kowane naɗi ta zama iri ɗaya, in ba haka ba launin zai saɓa. Kada a manna har ƙasa, a bar tazara a gindi a sa tayil ko fenti, yadda idan gara ko laima ta taso za a gan ta. Kabad da gado kuma a ɗan janye su daga bango iska ta riƙa ratsawa.

Ga 'ya'yanmu da suka koyi wannan sana'a, ba mu zo kashe muku kasuwa ba, muna ma alfahari da ku da ba ku zauna zaman banza ba. Amma idan ka je ka ga bango na ciwo, ka faɗa wa mai ɗaki gaskiya ko da aikin zai kuɓuce maka. Garuruwan nan ƙanana ne, ɗaki ɗaya da ya ɓare da damina ya isa a daina kiranka.

Abin da kwamiti ya tsayar, kuma muke neman amincewar wannan taro a kai, shi ne daga yau duk ɗan ƙungiya da zai manna takarda a gidan haya ya fara samun yardar mai gida a rubuce, a faɗi wanda zai gyara shafe ranar tashi, shaidu biyu su sa hannu. Dangin amarya kuma su je ganin ɗaki tun kafin a sa rana, ba ana saura kwana uku ba. Akwai magina biyu a cikinmu, ɗaya a Nguru ɗaya a Gashuwa, da suka yi alkawarin duba bango kyauta ga duk wanda zai aurar da 'ya, sai a nemi sakatare bayan an tashi ya haɗa ku da su. Shugaba, mun ga ana ɗaga hannu daga ɓangaren mata, a ba su dama su fara.